Hannun Babanku da Kambas Mai Gashi

Ranar Kirsimetin da ta wuce, muna zaune ana cin shinkafa, Hannatu ta ɗaga kofin zoɓo ta ce a sha don Mama, wadda ta yi wa Baba juyin mulki a bakin titin Samaru. Kowa ya fashe da dariya, har jikokin da ba su san kan zancen ba. Ni ma na yi dariyar, don ba a ɓata wa mutane biki. Amma maganar ta dame ni, naman ma ban ƙara jin daɗinsa ba. Ashe abin da kuka girma da shi ke nan, wai ni na ture babanku daga wurinsa na haye. Ban ga laifinku ba. Kun yi wayo kun tarar da teburina a gaba, bencinsa a baya, mutanen gari kuma sun riga sun gama yanke hukunci. To ku natsu ku ji yadda aka yi, tun ina da bakin faɗa. Shi dai ba zai gaya muku ba, kun san halinsa, sai a shekara ana maganarsa bai kare kansa da kalma ɗaya ba.

Lokacin da aka kawo ni Samaru amarya, babanku ya riga ya kafa bencinsa a gindin wata darbejiya a bakin babban titi, daura da ƙofar jami'a. Wurin ba allo, ba rubutu, amma ko kwandastan bas ka ce wa a sauke ka wajen Malam Bulus shumeka, ya san inda zai buga mota. Malaman jami'a, ma'aikatan asibiti daga Shika, fastoci, 'yan banki, duk sau-cikinsu ta hannunsa yake bi. Yana ɗinki, yana sa dunduniya, yana canza tafin takalmi, amma abin da ya yi suna a kai shi ne folish. In ya gama da takalmi sai ka ji kunyar taka ƙasa da shi. Hannun nan nasa kuwa, folish baƙi da ja sun shige cikin zanen tafinsa da gefen farce, ko ranar aurenmu da ya miƙo hannu zai sa mini zobe sai da ƙawayena suka yi ta zunguri na. Ni kuma ina gida ina wankau. In karɓo kayan matan kwatas ɗin ma'aikata, in wanke, in sa sitaci, in goge da dutsen guga na gawayi a kan wani dogon tebur da kafinta ya yi mini. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ku ukun nan, Hannatu da Iliya da Rahila, duk kuna makaranta, abin da ni ban samu ba sai da girmana, a ajin manya na coci.

A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun kowa ne ƙafafun ɗalibai suka canza. Babanku ya fara lura, don shi ƙafar mutum yake gani kafin fuskarsa. Ya dawo wata rana ya ce mini yaran nan sun daina sa takalmi. Na ce to da me suke tafiya, da hannu? Ya ce da kambas, kuma ba farin kambas na yadi ba da muka sani, wanda ake wankewa da sabulu a shafa masa alli. Wannan na wata fata ne mai gashi-gashi, da laushi kamar karammiski, wani launin ƙasa, wani launin toka, har da shuɗi. A dilolin gwanjo yake zuwa Sabon Gari. Ɗalibai suna kiran wani suwed, wani kuma nubak, maza da mata shi ake yayi. Takalmin da ba ya son folish kuwa ba ya son Malam Bulus. Ga tsofaffin masu kawo masa aiki suna ta ritaya suna komawa garuruwansu. Sai ya wuni a gindin bishiya yana gaisawa da masu wucewa, ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wankau ɗina kaɗai ba zai riƙe gida da makarantar yara uku ba, mu duka mun san haka, ba wanda ya furta.

Ana cikin haka, da rani, sai ga Yaya Dauda da buhun masara. Ku ƙanana ne lokacin, bari in tuna muku. Shi ne wan babanku, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma shi ke kula da gonar gado a ƙauyenmu, can gaba da Shika. Ya kwana biyu yana kallon abin da ake ɗorawa a murhu, sannan ya kira ƙaninsa.

"Bulus, zaman me kake yi a nan? Rabin gonar Baba na can kwance, ni kaɗai ba na iya nome ta. Ka tattara iyalinka ka dawo gida."

"Yaran fa, Yaya? Karatunsu?"

"Mu da ba mu yi ba mutuwa muka yi? Iliya ya isa riƙe fartanya, matan su taya uwarsu aiki."

Babanku bai taɓa musu da wansa ba. Ya ce a ba shi zuwa faɗuwar damina, in abin bai gyaru ba za mu koma. Ina bakin murhu na ji, sai da muciya ta kusa suɓuce mini. A ƙauyen nan a lokacin, in yaro ya gama firamare to ya gama karatu. Hannatu kuwa tun tana 'yar mitsitsiya take ɗaure wa 'yar tsanarta ƙafa da tsumma tana cewa ita nas ce.

Bayan tafiyar Yaya ba da daɗewa ba wata ɗaliba ta kawo wa babanku irin kambas ɗin nan, launin yashi, ya sha taɓo, ga ɗigon man miya a gaba. Shi bai saba mayar da aiki ba. Ya yi masa abin da ya sani: ya wanke da ruwa da sabulu, ya shanya a rana, da ya bushe ya bi shi da folish marar launi. Kai! Gashin ya kwanta ya manne, fatar ta taurare kamar ƙirgi, launin ya yi dabbare-dabbare. Da yarinyar ta zo karɓa sai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Baba, me ka yi masa? Suwed ne fa, ba a sa masa folish! Yayana ne ya aiko mini, ko gama murnarsa ban yi ba."

Ta yi ta magana rabi Hausa rabi Turanci, hawaye na zuba. Ba ta zage shi ba, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki abinta ta tafi. Ranar ya dawo gida tun la'asar, na ajiye masa tuwo ya ƙi taɓawa.

"Talatu, tunda nake ban taɓa kashe takalmin mutum ba sai yau."

"To Malam, mu je Sabon Gari mu tambayi masu sayar da shi mana."

"Ni? In je in tambayi 'yan gwanjo sana'ata?"

"A'a, yi zamanka. Takalmin zai zo har gida ya yi maka bayani da kansa."

Ya harare ni, na harare shi. Washegari muna cikin bas ɗin Sabon Gari. Na kai shi wajen Mama Chidi, wata 'yar Ibo da nake sayen sandal ɗin makarantarku a rumfarta. Da ta ji labari ta yi dariya har da dukan cinya, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Oga, wannan takalmi ba ya shan ruwa, ba ya cin mai. Buroshi kawai, a bushe." Ta nuna mana wani ɗan buroshi da take kaɗe nata da shi, gefe ɗaya siririyar waya mai laushi, ɗaya gefen danƙo. Iyakar abin da ta sani ke nan, don ita sayarwa take yi, ba gyara ba. Amma a ƙarƙashin teburinta akwai tulin kambas wari-wari da suka zo a dila ba 'yan'uwansu, ta ce mu kwashe mu rage mata kaya. Babanku ya ɗauki ɗaya ya juya, ya shinshina, ya leƙa cikinsa, ya ɗauki wani ya yi masa haka. Na ga idonsa ya buɗe. A bas ɗin komawa ya manta da mutane, ya yi ta yi mini lacca da ƙarfi.

"Ai fata ce, Talatu, fata ce kawai aka juya! Suwed ɗin nan cikin fata ne, ta wajen nama, shi ya sa gashinsa ya fi tsawo. Nubak kuma bayan fata ne aka goge sama-sama da samfefa, shi ya sa gashinsa gajere ne. Wannan ba zai jure waya ba, sai danƙo. Duk a buɗe suke, abin da ya taɓa su sai su shanye."

Tsakar gidanmu ta koma makaranta. Mu shafa wa takalman nan taɓo da gangan, mu ɗiga musu manja, mu watsa musu ruwa, sannan mu zauna neman magani. Mun kashe da yawa, Allah na gani. Amma a hankali muka gane cewa taɓo ba a taɓa shi da ɗanyensa, wanda ya goge shi a jiƙe ya tura shi cikin fata ne. A bari ya bushe ƙarau, a buga tafin biyu da juna, a kaɗe sauran da buroshi. Wanda ya sha ruwa a cusa masa farin tsumma don kada ya lanƙwashe, a ajiye shi a inuwa inda iska ke bi, ba rana, ba kusa da wuta. Jarida mun gwada, ta bar mana tawada a ciki. Inda ya goge ya yi baƙi-baƙi, farin kilina na fensir ke ɗauke shi. Iliya, kilinanka da ka yi ta kukan an sace maka a aji, babanka ne ya zare shi daga jakarka, je ka tambaye shi. Maganin mai kuwa ni na kawo, daga wankau. Yadda nake barbaɗa garin sitaci a kan shadda in mai ya ɗiga mata, haka na yi wa kambas, na bari ya kwana, da safe sitacin ya tsotse man. Tabon da ya ƙi ji sai a ɗan jiƙa tsumma da farin khal, ruwan tsamin nan na kwalba, a riƙa dangwalawa, ba gogawa ba. Gashin da ya kwanta kuma tururin buta ke tayar da shi, daga nesa-nesa, sannan a bi shi da buroshi ta fuska ɗaya har launin ya daidaita. Igiyar takalmin a zare ta a wanke daban, farin robar ƙasa a bi shi da buroshin haƙori da ɗan sabulu, ba tare da kumfa ya hau fatar ba. Ranar da wani launin toka da muka yanke wa ƙauna ya dawo kamar sabo, babanku ya tashi ya taka rawa a tsakar gida. Mutumin da ko a coci ba ya wuce gyaɗa kai!

Sai wata matsala ta ɓullo. Duk takalmi mai haske da ya gama, in gari ya waye sai a ga wasu duhu-duhun tabo a gefensa. Ya zargi Rahila da wasa da su, ta sha faɗa a banza. Ya zargi kaji, ya zargi tabarma. Wata safiya na ɗaga ɗaya a hasken rana na duba da kyau, na ga tabon a jere suke a gefe guda, ɗaya kuma shi kaɗai a ɗaya gefen. Na ce masa ya ba ni hannunsa. Na ɗora shi a kan takalmin, kowane yatsa ya hau kan tabonsa daidai. Folish ɗin shekara da shekaru ne da ya zauna masa a fata, in hannun ya ɗan yi gumi sai ya fito, fatar nan mai gashi kuma ta shanye.

Babu abin da bawan Allahn nan bai wanke hannunsa da shi ba. Sabulun salo, lemun tsami, toka, dutsen goge kaushi, har kananzir, wanda shi ma ya ƙara ɓata lamarin. Fatarsa ta yi ta saɓulewa. Amma muddin zai buɗe gwangwanin folish da safe, abin sai ya dawo. Wata nas ta ba shi safar hannu ta roba, ya sa, ya cire ya jefar, ya ce ba ya jin kwancin gashin, kamar a ce ya ci tuwo da cokali. Na ce to ya bar folish ɗin gaba ɗaya. Ya ce mutanen da suka riƙe shi tun yana saurayi ba zai ce musu su nemi wani ba, ko da su biyu suka rage. Ni kuwa hannuna ya sha ruwa da sitaci har ya yi fari fat. Ba wanda ya ce a yi haka, kawai dai wata rana na tarar da kaina a kan tabarma da takalmi a cinya, shi yana tsugune a gefe ya harɗe hannu a ƙirji.

"A hankali mana! Ba ƙanzo kike kankarewa ba."

"To ai ban taɓa shi ba ma tukuna, Malam."

"Bi kwancin gashin. Yawwa. Ɗaga shi daga tururin, dafa shi za ki yi?"

Haka muka fara. Ya karɓi takalmi a bakin titi da tsumma mai tsabta, ya sa a jaka, ya kawo gida in yi, ya mayar. Ɗalibai ba sa riƙe labari, kafin wani lokaci jakar nan ta fara cika. Murhunmu ya dawo hayyacinsa. Amma na ga babanku ba ya cikin walwala. Ashe in sun zo karɓa sai su ce, "Baba, hannunka akwai albarka," shi kuma ya rasa inda zai sa hannun. Wasu kuma su zo a guje suna son a ɗan kaɗe musu kafin su shiga lacca, ya ce sai gobe, su tafi suna gunaguni. Ya san aikin ba zai tsaya da ƙafarsa ba in ana yinsa a ɓoye.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Yaya Dauda ba sanarwa. Ya yi sallama ya shigo ya tarar da ni a tsakar gida, takalman maza jere a gabana, ɗaya a hannuna ina kara shi a tururi. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya ƙi ruwan da na kawo, ya zauna a dakali har babanku ya dawo.

"Bulus, abin da idona ya gani gaskiya ne? A gidanmu mace ba ta ɗaukar takalmin namiji in ba na mijinta ba, ko na baƙon da ya kwana. Kai ka zauna matarka na rungumar takalman ƙarti? Da wane ido za mu kalli mutane?"

"Aiki ne, Yaya."

"Aikin yana gona. Ruwa ya kusa. In ka zo, rabonka na nan. In ba ka zo ba zan ba Ayuba ɗan Kawu ya noma, kuma ka san in mutum ya zuba wa gona taki ba a tashinsa."

"Na ji, Yaya. Zan aiko maka da amsa."

Na tabbata tafiya ta kama mu. Da babanku ya dawo daga raka Yaya tasha na ce masa in don ni ne na daina, kada in raba shi da ɗan'uwansa. Shi kuwa sai ya ce a kawo tuwo. Ya ci ya ƙoshi, har da neman ƙari, abin ya ba ni haushi. Ni kuwa ina kallonku kuna aikin makaranta a kan tabarma, ina lissafin tukwanen da zan ɗauka da waɗanda zan bari.

Da safe bayan kun tafi makaranta sai na ji ana jan abu a tsakar gida. Na leƙo na ga babanku ya sauke kayan mutane daga teburin gugata, ya yi gammo, ya ɗora teburin a ka.

"Malam, ina za ka kai mini tebur?"

"Ɗauko butarki da buroshinki ki biyo ni. Ki ɗaura zani mai kyau."

Ya ratsa unguwa da tebur a ka, ta gaban coci, ta gaban masu shayi, ina biye da shi da kurfoti a hannu kamar wadda aka kora daga gida. Da muka isa gindin darbejiya ya sauke. Bencin nan nasa ya daɗe a wurin har ƙafafunsa sun yi rami a ƙasa. Ya ciccibe shi ya kai bayan bishiya, jikin katanga, ya tsaya ya ga ta inda iska ke kaɗawa, ya ƙara matsar da shi don kada ƙurar folish ta taso gaba. Sannan ya kafa teburina a kan ramukan nan, yana fuskantar titi.

"Nan ne wurinki. Folish da fatar nan ba sa zama wuri ɗaya. Kuma na gaji da karɓar yabon da ba nawa ba."

"Mutane fa, Malam? Yaya fa?"

"Mutane za su yi su gaji. Yaya kuma na aika masa ta wajen direban motar ƙauye tun da asuba cewa ba za mu koma ba."

Kun ji wanda ya kai tebur gaba. Ni ko a mafarki ban taɓa roƙonsa ba. Kuma abin ya ci masa, kada ku ɗauka a banza ya tafi. Gona ta tafi hannun Ayuba, har yau tana can. Yaya Dauda ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, buhun masara ya daina zuwa, in babanku ya je gaisuwa sai a amsa masa a taƙaice. Sai a bikin Iliya ne suka zauna a benci ɗaya suka ci abinci, kun dai ga yadda babanku ya yi ta share ido ranar, kuka ce hayaƙi ne. Masu faci da mai shayin da ke kusa da mu suka sa masa mijin-ta-ce. A zumuntar mata ta coci ma sai da aka yi ƙus-ƙus, har wata ta tambaye ni ko ina wanke hannu kafin in taɓa abincin coci. Na ce mata ina wankewa, ita kuma ta riƙa wanke bakinta. Ni ina da bakin ramawa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Amma in gaya muku gaskiya, shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Damina ta sauka, taɓon Samaru ya yi mana talla, teburina ya cika har ƙasa. In yi ta yi wa yaran nan faɗa kamar ni na haife su: wa ya ce ka shiga ruwa da shi, ba ka da silifa ne? Ke kuma kin kanga shi a risho, to ga shi nan ya ƙanƙance, sai ki ba ƙanwarki. Su yi dariya su ce Mama a yi haƙuri, gobe su dawo da abokansu. Daga baya wani maganin fesawa mai hana ruwa shiga ya fara zuwa daga Kaduna, muka ƙara da shi. Duk takalmin da ya rikita ni sai in zagaya bayan bishiya in ɗaga masa a gaban idonsa, ya kalla kawai ya ce wannan nubak ne, ajiye buroshin wayar nan, ko ya ce wannan ba fata ba ce ma, roba ce aka yi wa gashi. In tafin kambas ya ɓalle, ni zan naɗe samansa da tsumma da leda tsaf, sannan in miƙa masa ya ɗinke. Da rana mu ci ɗanwake a kwano ɗaya. Na yi shekaru da mutumin nan ina ganinsa safe da yamma kawai, sai a gindin bishiyar nan na san ashe yana da ban dariya. Yana kwaikwayon tafiyar kowane malami da ya wuce, daga zaune, da kafaɗa kawai, in yi ta dariya har in sa buroshi a baki.

Abu ɗaya ne ban yi tsammani ba. Ɗalibai suna gamawa suna tafiya, sababbi na zuwa, su kuma ba su san wani Malam Bulus ba. Suka sa mini Mama Suwed, sunan ya bi wurin, har kwandastoci suka ɗauka. Wata rana da hantsi na zagaya bayan katanga ɗebo gawayi, ina dawowa sai na ji muryar wani sabon ɗalibi. Babanku ya taso ya tsaya kusa da teburina don kada a bar wurin ba kowa.

"Baba, mai wurin ba ta nan ne? Ko kai ne kake tsare mata?"

Na tsaya cak da gawayi a hannu. Wurin da ya share da hannunsa tun ba a haifi yaron nan ba! Yaron ya miƙa masa takalmin, babanku ya mayar da hannayensa biyu baya.

"Tana zuwa yanzu, ɗana. Ajiye a kan tebur, kada ka ba ni. Hannuna da mai."

Na fito a fusace zan wanke yaron nan tas, babanku ya yi mini wani kallo, na haɗiye. Na karɓi aikin, na ce ya dawo jibi. Yana juya baya hawaye suka ɓalle mini, na kasa tsayar da su. Na ji zafin abin har cikin raina, na ce da na sani da ban biyo tebur ɗin nan ba. Shi kuwa ya koma bencinsa ya ɗauki wani tsohon sau-ciki yana nema masa allura.

"Matsa da fuskarki, kada ki ɗiga wa takalmin mutane ruwa."

"Malam, ba ka ji abin da ya ce maka ba ne?"

"Na ji. Talatu, Hannatu tana ina yanzu?"

"Tana makaranta."

"Iliya fa?"

"Yana makaranta."

"Rahila?"

"Ita ma."

"To su kira wurin da sunan da suka ga dama. Miƙo mini zaren can."

Na share fuskata da bakin zani, na miƙa masa.